Shekara 64 a majalisar jiha ɗaya: ƙwarewa ce ko babakere?

Malam Bashir Zariya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun makon jiya da Nura ya ce duk ɗan majalisar da ya yi zango biyu a sallame shi ya koma gida, maganar take ta yi mini yawo a rai. Ban amsa a lokacin ba saboda ina so in zo da misali a hannu, kada mu yi ta musu a iska.

Akwai wani mutum a Amurka mai suna Fred Risser. An haife shi a 1927 a Madison, babban birnin jihar Wisconsin. Ya ci zaɓe a ƙarshen 1956 yana ɗan shekara 29, aka rantsar da shi a Janairun 1957 a majalisar wakilan jihar. Su can majalisa biyu ce da su a jiha, ta wakilai mai kujera 99 da ta dattawa mai kujera 33. A 1962 ya ci zaɓen cike gurbi ya koma ta dattawa, bai tashi daga kujerar nan ba sai Janairun 2021, yana da shekara 93. Shekara 64 ke nan cif. A tarihin Amurka babu ɗan majalisar jiha da ya kai shi daɗewa.

Ku kwatanta tsawon abin. Ranar da ya fara zama, Eisenhower ke mulkin Amurka, mu nan kuma Sardauna ne Firimiyan Arewa, ko 'yancin kai ba mu samu ba. Shugabannin Amurka 12 ya gani yana kan kujera. Gwamnoni 13 suka zo jiharsa suka same shi, 12 daga cikinsu suka tafi suka bar shi.

Wannan na ƙarshen shi ne abin da nake so mu duba. Gwamna ya zo ya tarar da mutumin da ya riga shi sanin kowace doka, ya san inda aka binne kowace magana. Irin wannan ɗan majalisa ba a kiransa gidan gwamnati a ba shi umarni. Ni a ganina ciwon majalisunmu na jihohi ba daɗewar wasu ba ne. Ciwon shi ne duk bayan shekara huɗu a share zaure a kawo sababbi waɗanda gwamna ne ya rubuta sunayensu. Bismillah, ina sauraronku.

Nura Fagge:
Wa alaikumus salam Malam. Da girmamawa, amma wannan misali ni ƙara mini ƙarfi ya yi. Shekara 64! Wato yaron da aka haifa ranar da ya shiga majalisa ya girma, ya yi aure, ya yi jikoki, ya kusa ajiye aiki, bai taɓa ganin wani wakili ba sai shi. A duk garin babu wani mai kai sai mutum ɗaya? Mutum nawa ne masu basira suka tsufa suna jiran kujerar nan?

Kuma Malam ba ka faɗa musu cewa abin gado ne ba. Mahaifinsa sanatan jihar ne. Kakansa na wajen uwa, Ernest Warner, ya yi majalisa. Uban kakan ma, Clement Warner, ya yi. Zuriya huɗu a gida ɗaya. Da a nan ne aka yi haka, da ku da kanku kun ce an mai da majalisa sarauta.

Malam Bashir Zariya:
Gaskiya ka faɗa Nura, ban ɓoye don wata manufa ba. Amma ƙarasa labarin. Mahaifin nasa kayar da shi aka yi a 1948. Wani matashin lauya, Gaylord Nelson, ya tsaya ya karɓe kujerar, daga baya ma ya zama gwamnan jihar. Sarautar da ake iya tuɓe mai ita da ƙuri'a ba sarauta ba ce. Kuma ɗan bai bi jam'iyyar uban ba, shi Dimokurat ya shiga.

Auwal Madison:
Salam. Tunda a garin nake karatu bari in sa baki. Abin da Yaya Nura ya hango akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ta wata fuska. Mazaɓar da Risser ya wakilta ita ce ta 26, tsakiyar Madison, inda jami'a take da ginin majalisar kansa. Wurin nan na Dimokurat ne tsantsa. Ɗan Rifablikan ko ya tsaya, ya san rakiya ya yi. Saboda haka kada mu ɗauka duk zaɓe fafatawa yake sha yana tsallakewa da ƙyar. Wurin da za a iya kayar da shi shi ne zaɓen fidda gwani.

To nan ne bambancin yake da gida. A Wisconsin hukuma ce ke shirya zaɓen fidda gwani, ba jam'iyya ba, kuma duk mai ƙuri'a zai iya zuwa ya jefa. Babu daliget, babu kulle mutane a otal a kwana ana rabo. Da mutanen unguwar sun gaji da shi, hanya a buɗe take.

Wani abu kuma da ya ba ni mamaki da na zo. Ginin majalisar yana tsakiyar gari, tsakanin tabkuna biyu, Mendota da Monona. Da rani kowace Asabar manoma suna kewaye shi da rumfuna suna sayar da cuku da kayan lambu. Ƙofa a buɗe take, ka shiga ka hau bene ka zauna ka kalli zaman majalisa. Rannan da sanyi ya matsa mini shiga na yi kawai don in ji ɗumi, babu wanda ya tambaye ni wurin wa na zo. Tsofaffin garin kuma har yanzu suna ba da labarin yadda ake ganin dattijon a kan kekensa, da yadda yake hawa matakala da ƙafa ba ya shiga lif. Wakilin da kake cin karo da shi a hanya kullum, wuya ne ya manta da kai.

Hajiya Rabi Malama:
Ni duk wannan lissafin shekaru bai dame ni ba. Me ya yi wa mutane? Shi nake son ji. Mu namu wakilin zango uku ya yi. Makarantar da na shugabanta iska ta kwashe rufin aji biyu, damina biyu muna haɗa yara 'yan aji uku da 'yan aji huɗu a ɗaki ɗaya, wasu a kan taga. Sau huɗu ina rubuta takarda ina kai wa gidansa da ƙafata. Ana karɓa a ƙofa a ce Honarabul yana babban birni. Sai da iyayen yara suka yi karo-karo muka sayi kwano. In daɗewa ce ke kawo aiki, da mu mun fi kowa morewa.

Malam Bashir Zariya:
Allah ya saka miki da alheri Hajiya, tambayar ke nan. Zan ba ki biyu.

Na farko maganar taba. Shekaru da dama ya yi yana kai ƙudirin hana shan sigari a wuraren da jama'a ke taruwa, ana samun kaɗan ana rasa da yawa, masu mashaya suna adawa. Bai saki ba. Sai a 2009 aka zartar da cikakkiyar doka, Gwamna Jim Doyle ya sa hannu, ta fara aiki a Yulin 2010: babu shan taba a wuraren aiki, har gidajen abinci da mashaya. Da zango biyu aka ba shi, da ya tafi da ƙudirinsa a aljihu.

Na biyu shi ne 2011. Sabon gwamna, Scott Walker, ya kawo ƙudirin da zai ƙwace wa yawancin ma'aikatan gwamnati, har da malaman makaranta irinki, ikon zama da gwamnati su yi ciniki kan haƙƙoƙinsu ta hanyar ƙungiyar ƙwadago. Jam'iyyar gwamna tana da sanata 19, 'yan adawa 14. Amma dokar jihar ta ce duk ƙudirin da ya shafi kuɗi sai mutum 20 sun hallara. Sai su 14 ɗin nan suka tattara a watan Fabrairu suka tsallaka jihar Illinois, inda 'yan sandan Wisconsin ba su da ikon kamo su. Risser yana cikinsu, yana da shekara 83. Mako uku suka yi a can, dubban mutane kuma suka cika harabar majalisa, wasu a ciki suke kwana.

Nura Fagge:
Kuma suka yi nasara?

Malam Bashir Zariya:
Ba su yi ba. Masu rinjaye suka cire sassan kuɗi daga ƙudirin, suka zartar da sauran a watan Maris ba tare da su ba. Aka tara sa hannu aka yi wa Walker zaɓen kiranye a 2012, ya sake ci. Ba zan yi maka ƙarya in ce daɗewa tana hana faɗuwa ba. Abin da nake nuna maka shi ne akwai waɗanda suka iya ce wa gwamna a'a a bainar jama'a, kuma washegari kujerarsu tana nan.

Barista Zainab:
Malam, ka yi haƙuri, amma in za mu yi adalci sai mun leƙa jihar da suka gudu ɗin. A Illinois akwai Michael Madigan. Ya shiga majalisar wakilan jihar a 1971, ya fita a 2021, shekara 50, kuma 36 daga ciki shi ne kakaki. Shi ma ya san kowace doka, shi ma gwamnoni suna shakkarsa. Me ya yi da sanin? A Fabrairun 2025 kotun tarayya ta same shi da laifukan da suka haɗa da cin hanci, a shari'ar da ta shafi kamfanin wutar lantarki na ComEd, aka yanke masa shekara bakwai da rabi. Jihohi biyu maƙwabta, jam'iyya ɗaya, zamani ɗaya. Daɗewar da ta ba ɗaya ƙwarewa ita ta ba ɗayan damar kafa gidan da ba a shiga sai da izininsa.

Saboda irin wannan ne jihohi 16 a Amurka suka ƙayyade wa 'yan majalisarsu wa'adi. Kalifoniya tun 1990 ta yi. Ba mahaukata ba ne.

Nura Fagge:
Allah ya ƙara basira Barista. Abin da nake ta faɗa ke nan.

Auwal Madison:
Anti Barista, bari in kawo na uku, don shi ya fi taɓa ni. Jihar Nebraska majalisa ɗaya ce da su, mutum 49. Akwai wani baƙar fata, Ernie Chambers, mai aski ne daga Omaha, ya shiga a 1971. Shekaru masu yawa shi kaɗai ne baƙar fata a zauren. Ya haddace ƙa'idojin majalisa har ya zama shi kaɗai yana iya tsayar da ƙudirin da yake ganin zai cutar da talakawa. A 2000 aka kawo ƙayyade wa'adi, zango biyu a jere, kuma mutane da yawa sun ɗauka shi aka nufa. Ya fita a 2009. Ya zauna shekara huɗu a gida, mutanensa suka sake zaɓensa ya dawo a 2013. A 2015 shi ya jagoranci soke hukuncin kisa, majalisa ta tsallake ƙin amincewar gwamna, duk da cewa masu zaɓe sun dawo da hukuncin a 2016. Ko ka yarda da ra'ayinsa ko ba ka yarda ba, ka ga irin wanda dokar wa'adi ta kora: wakilin marasa ƙarfi, wanda mazaɓarsa ba ta gaji da shi ba.

Baba Tsohon Akawu:
'Ya'yana, na karanta duka. Ni shekara ashirin da 'yan kai na yi ina aiki a wata majalisar jiha kafin in yi ritaya, bari in gaya muku abin da idona ya gani.

Duk sabon zango sai ka ga zauren ya cika da sababbin fuska. Mutanen kirki da yawa a cikinsu, wallahi. Amma shekarar farko tana tafiya ne wajen koyon yadda ake miƙewa a nemi izinin magana, da bambancin ƙudiri da shawara. Sai kasafin kuɗi ya zo, littafi mai kauri kamar bulo. Na sha ganin shugaban kwamiti ya riƙe shi yana juya shafi, babban sakataren ma'aikata da ya shekara talatin a aiki yana zaune gabansa yana karanto masa lambobi. Wa zai titsiye wa? Sai a ce an gamsu, a tashi.

Akwai wani dattijo guda da ya yi zango huɗu. Shi ba ya ɗaga murya. Yana zuwa da tsofaffin kasafin shekarun baya a cikin wata jaka da zif ɗinta ya lalace, ya ɗaure ta da roba. In kwamishina ya ce a ba shi kuɗin gina asibitin gari kaza, sai ya lasa yatsa ya buɗe, ya ce ranka ya daɗe, wannan asibitin ai mun ba da kuɗinsa shekara uku da suka wuce, ga shafin, ina aka kwana? Sai ka ji zaure ya yi tsit. Da zaɓe ya zo ba talakawa suka kayar da shi ba. Sunansa ne bai fito a takardar jam'iyya ba. Ranar da ya zo kwashe kayansa ni na riƙe masa jakar har mota.

Nura ɗana, in ka kafa dokar zango biyu, wannan dattijon za ka kora. Wanda Hajiya take kuka da shi kuwa, uban gidansa zai kawo ƙaninsa ya maye gurbin.

Nura Fagge:
Baba, Allah ya ƙara girma. Maganarka ta shige ni. Amma ka dubi ɓangarenmu. An sa hannu a dokar rage shekarun takara a 2018, aka ce ɗan shekara 25 zai iya neman majalisar jiha. Mun yi murna. A 2023 Rukayat Shittu ta ci kujera a Kwara tana da shekara 26. Amma su nawa ne? Kuɗin fom kaɗai ya isa ya kore ka, ga wanda ke kan kujerar ya shekara goma sha biyu yana tara abin yaƙi. Idan ba doka ta ɗaga shi ba, da me zan ɗaga shi? Dattijon da ka ba da labari ɗaya ne a cikin nawa?

Barista Zainab:
Bari in fayyace abin da doka ta ce, don na ga ana haɗa abubuwa. Tsarin mulkin 1999 ya ƙayyade wa shugaban ƙasa da gwamna zango biyu. Ɗan majalisa ba shi da iyaka. Majalisar jiha ba ta gaza kujera 24, ba ta wuce 40, Kano da Legas su ne masu 40. Ba a tsayawa takara sai ta jam'iyya, wato wanda ya riƙe jam'iyya a jiha shi ya riƙe ƙofa. Kiranye yana cikin sashe na 110, amma sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓa sun sa hannu, hukumar zaɓe ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama. Kun ga yadda yunƙurin yi wa Dino Melaye kiranye daga majalisar dattawa ya mutu a wurin tantance sa hannu a 2018.

Kuma kada mu manta mu majalisunmu yara ne. Soja sun rufe su a 1966, jihohi ba su ga majalisa ba sai 1979, aka sake rufewa a ƙarshen 1983, aka ɗan buɗe a 1992 aka rufe a 1993. Daga 1999 ne kawai aka jera. Lokacin da Risser yake cika shekara 40 a kujera, mu ko zauren babu.

Na kawo Madigan ne don kada a ɗauka tsufa a kujera tsarki ne. Amma in aka tambaye ni gyara ɗaya, ba wa'adi zan taɓa ba, zaɓen fidda gwani zan taɓa.

Sani Agege:
Mu nan Agege muna da namu misalin a gabanmu. Wakilin mazaɓa ta ɗaya, Mudashiru Obasa, ya zama kakakin majalisar Legas a 2015. A Janairun 2025 'yan majalisa suka tsige shi suka ɗora Mojisola Meranda, a watan Maris ta sauka ya koma kujerarsa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne duk kwanakin nan ana ta zama da manyan jam'iyya, amma mu da muke jefa ƙuri'a babu wanda ya zo ya tambaye mu ko muna so ko ba ma so. A rediyo muka ji an cire, a rediyo muka ji an mayar.

Hajiya Rabi Malama:
To Malam Bashir, shi naku dattijon ya aka yi ya sauka? Faɗuwa ya yi?

Malam Bashir Zariya:
A'a Hajiya. A watan Maris na 2020 ya sanar da kansa cewa ba zai sake tsayawa ba. Bai kawo ɗansa ba. Aka yi zaɓen fidda gwani, mutum da yawa suka fito, wata mata mai suna Kelda Roys ta ci, ita ta gaje shi. Ya yi aikin sojan ruwa a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, kuma shi ne na ƙarshe cikin mutanen wannan yaƙi da ya rage a wata majalisar jiha a ƙasar.

Nura, zan ba ka abu ɗaya. Ni ma ina ganin 93 ta yi yawa. Da ya sauka shekara goma kafin nan da babu abin da ya ragu daga darajarsa, kuma da wani matashi ya fara tara tasa ƙwarewar da wuri. Amma wannan hukunci ne da ya kamata mutanen mazaɓarsa su yanke, ba doka ta yanke musu ba.

Nura Fagge:
Ban sauka daga ra'ayina gaba ɗaya ba Malam. In ba zango biyu ba, ko huɗu ne a sa, shekara 16 ta ishi mai son aiki. Amma na yarda in daliget ne za su ci gaba da zaɓa mana, ko zango ɗaya aka sa gwamna ne zai ci riba. Baba Akawu, wata tambaya: da gaske mutum irina zai iya shiga majalisarmu ya kalli zama kamar yadda Auwal yake yi a can? Ni ban taɓa gwadawa ba.

Baba Tsohon Akawu:
Zai iya mana, akwai benen 'yan kallo, don ku aka gina shi. Yawanci ma wayam yake, sai 'yan jarida biyu ko uku. Ka tafi da katin shaidarka, ka sa kaya masu mutunci, ka isa da wuri kafin a shigo da sandar majalisa. A ƙofa ka ce zaman majalisa ka zo kallo. In ka shiga ka nemi takardar jadawalin ranar a wurin ma'aikata, ka duba ko sunan wakilinku ya fito a kan wani ƙudiri. Ka fi samun abin gani lokacin kare kasafin kuɗi, wajen ƙarshen shekara. In za ka je ka yi mini magana ta akwatin sirri, in gaya maka ranakun da aka fi zama.

Hajiya Rabi Malama:
In kun sa rana ku sanar a nan. Ina da kwafin takardun nan huɗu har yanzu, zan zo da su.